Yadda Za Ka Kalli The Mummy Na 1932 Ba Tare Da Barci Ya Sace Ka Ba

Karon farko da na kunna fim ɗin nan ban kai rabinsa ba. Da rana tsaka ne, a shagon wani abokina mai sayar da kayan waya, janareton maƙwabci yana ta ruri, ni kuma na riƙe waya ina jiran gawa ta tashi ta bi mutane a guje. Gawar ta tashi kam, amma ko taku ɗaya ban ga ta yi ba. Can sai ga wani dogon dattijo sanye da hular dara, yana magana a hankali kamar wanda ake cajinsa kuɗi a kan kowace kalma. Na yi hamma biyu na kashe, na ce wa abokina, "Wannan ai maganin barci ne, wa ya ce fim ɗin tsoro ne?"

Sai bayan kusan shekara biyu na koma masa, da dare, gida ya yi tsit. A nan na gane laifin nawa ne, na tafi mahauta neman gero. Tun daga lokacin na kalle shi ya kai sau biyar, kuma duk wanda na ba shi ya dawo da ƙorafi, ƙorafin irin nawa ne na farko. Shi ya sa na zauna na tsara hanyar da nake ganin ta fi dacewa a bi, don mutum ya kalle shi ya fito da ra'ayin kansa, ko yabo ko suka. Gargaɗi ɗaya: zan fasa ƙwai a kan labarin har ƙarshensa. Fim ne da ya haura shekara 90, kuma daɗinsa ba a ɓoyon labari yake ba.

Mataki na ɗaya: tabbatar wane fim ne a hannunka

Finafinai da yawa suna ɗauke da wannan suna. Wanda yawancinmu muka sani shi ne na 1999, mai Brendan Fraser, da guguwar rairayi mai fuskar mutum da ƙwarin nan masu cin naman jiki. Akwai na 1959 da kamfanin Hammer na Ingila ya yi, mai kala, inda Christopher Lee ya zama gawar. Akwai kuma na 2017 mai Tom Cruise. Babu ɗaya daga cikinsu da nake nufi.

Namu shi ne na kamfanin Universal na Amurka, wanda ya fito a watan Disamban 1932. Baƙi da fari ne, tsawonsa minti 73, Karl Freund ya ba da umarni, Boris Karloff ne jarumi. In ka kunna ka ga kala, ka ɗauko wani. In ka ji kiɗa mai taushi da baƙin ciki yana tashi tare da sunayen 'yan wasa, ka faɗa daidai. Kiɗan na Tchaikovsky ne, mawaƙin Rasha, kuma za mu dawo kansa.

Mataki na biyu: gyara wuri da lokaci

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don rabin waɗanda suka raina fim ɗin a nan suka faɗi. Kalle shi da dare, bayan isha, in yara sun kwanta. Kashe fitilar ɗaki. In da hali yi amfani da talabijin ko kwamfuta, in kuwa waya ce kaɗai gare ka, jingine ta a wuri ɗaya, sa abin ji a kunne, ka rufe data don kada saƙonni su riƙa faɗo maka a kan fuskar Karloff. Yi caji tun da wuri, don in aka ɗauke wuta a tsakiya, yanayin da fim ɗin ya ɗauki minti ashirin yana ginawa ya tafi ke nan.

Hoton kusan murabba'i ne, haka ake ɗauka a zamanin. Za ka ga baƙin fili dama da hagu a allon zamani. Bar shi haka. Kada ka danna maɓallin da ke buɗe hoto ya cika allo, don zai mayar da siririn Karloff gajere mai ƙiba. Kada kuma ka ƙure hasken allo. Duhun da ke cikin fim ɗin da gangan aka zuba shi, kamar yadda mai miya ke zuba daddawa. Nemi kwafi mai rubutun magana a ƙasa, don na'urorin ɗaukar sauti na lokacin ba su da ƙarfi, kuma Turancin wasu 'yan wasan na dandamali ne, mai lanƙwasa.

Sannan ka cire yatsa daga maɓallin gudu. Minti 73 ne duka-duka, bai kai wasan ƙwallo ɗaya ba.

Mataki na uku: shiga da abubuwa uku a ka

Na farko, abin da ke bakin mutane a lokacin. A ranar 4 ga Nuwamban 1922 ma'aikatan Howard Carter, wani Bature ɗan Ingila, suka ci karo da matakalar kabarin Fir'auna Tutankamun a Kwarin Sarakuna, kusa da Luksor. An same shi kusan cike da kayansa, abin da ba a saba gani ba, don ɓarayi sun daɗe da yashe sauran kaburburan. Wata biyar bayan haka, a watan Afrilun 1923, Lord Carnarvon, attajirin da ya ɗauki nauyin haƙar, ya mutu a Alƙahira. Sauro ne ya cije shi a kumatu, ya yanke wurin yana aski, ciwon ya shiga jini. Jaridun Turai da Amurka suka ce ai tsinuwar Fir'auna ce. Shi kuwa Carter, da ya fi kowa shiga da fita a kabarin, ya rayu har 1939, amma wa zai sayi jarida don jin cewa mutum yana nan lafiya lau? An ɗauki kusan shekara goma ana kwashe kayan kabarin, don haka lokacin da fim ɗin ya fito maganar ba ta huce ba. Wanda ya rubuta shi ma, John Balderston, tsohon ɗan jarida ne da ya yi rahoto a kan kabarin daga Masar.

Na biyu, fim mai magana jariri ne a 1932. Sai a 1927 ya fara karɓuwa. Da yawa daga cikin masu aikin sun koyi sana'arsu ne a lokacin da fuska da hannu kaɗai ke magana, sauran kuma daga dandamalin wasan kwaikwayo aka ɗebo su. In ka ga mace ta zaro ido ta dafe ƙirji fiye da kima, salon zamaninta ne.

Na uku, wane ne Karl Freund. Asalinsa mai ɗaukar hoto ne da ya yi suna a Jamus kafin ya ƙaura Amurka, yana cikin waɗanda suka ɗauki Metropolis na 1927, shi ne kuma ya ɗauki Dracula na 1931. Mutum ne da ke tunani da haske da inuwa. Labarin da wani zai ba ka da baki, shi da fitila yake ba da shi. In ka riƙe wannan, ka san inda za ka ajiye idonka.

Mataki na huɗu: kalli minti goman farko sau biyu

A nan dukiyar fim ɗin take, kuma a nan za ka san ko kai da shi za ku shirya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Shekarar 1921 ce a labarin. Wasu masu haƙa daga gidan tarihin Birtaniya suna zaune a wani ɗaki a hamadar Masar da dare. Mutum uku ne: Sir Joseph Whemple shugaban tafiya, wani matashin mataimaki mai rawar kai mai suna Norton, da Dakta Muller masanin al'amuran asiri. A jingine da bango akwai akwatin gawa a buɗe, da naɗaɗɗiyar gawar wani mai suna Imhotep a tsaye a ciki. Muller ya duba ta ya lura da abubuwa biyu. Ba a cire kayan cikinta ba kamar yadda aka saba, kuma jikin a murɗe yake irin na wanda ya yi kokawa da likkafaninsa. Wato da ransa aka binne shi. An kuma kankare addu'o'in da ake rubutawa a cikin akwati, ma'ana an so ya rasa duniya ya rasa lahira. Saurari wannan bayani da kyau, don shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Tare da gawar an sami wani ƙaramin akwati mai rubutun tsinuwa ga duk wanda ya buɗe. Muller ya ja Sir Joseph waje don ya ja masa kunne, aka bar Norton shi kaɗai. Ka san sauran: yaro da akwati a rufe.

Kallo na farko, bar kanka kawai. Kallo na biyu, koma daga inda dattawan suka fita, ka lura da waɗannan. Babu kiɗa ko kaɗan. Fim ɗin yau da tuni ganguna sun fara gaya maka cewa ka ji tsoro. A nan shiru ne, sai motsin takarda. Norton ya buɗe akwatin, ya tarar da naɗaɗɗiyar takarda mai addu'ar tayar da matattu, ya warware naɗin, yana kwafar rubutun, leɓensa yana motsi, muryarsa da ƙyar ake ji. Kyamara ta bar shi ta tafi kan fuskar gawar ta tsaya. Ta daɗe a tsaye har ka fara tunanin ko hoton ne ya maƙale. Sai fatar ido ta ɗaga kaɗan, ɗan ƙyalli ya bayyana a ciki. Kyamara ta sauko ƙirji, hannu ɗaya ya zame a hankali daga inda aka harɗe shi, sannan ɗayan. Aka koma kan Norton, bai san me ake ciki ba. Sai wani busasshen hannu mai zobe ya shigo ta gefen hoto ya taɓa takardar. Yaron ya ɗago, ya kurma ihu ɗaya, ihun ya rikiɗe ya zama dariya, dariyar da ba ta tsayawa. Abin da za ka gani na ƙarshe shi ne bakin tsumma yana jan ƙasa yana fita ta ƙofa.

Shi ke nan. Ba a nuna maka gawar tana tafiya ba, a nan ko a wani wuri cikin fim ɗin. Kuma ka san irin wahalar da aka sha kafin a sami wannan siffa? Jack Pierce, mai kwalliyar kamfanin, ya shafe kusan awa takwas yana liƙa wa Karloff auduga da gam a fuska, ya shafe masa gashi da laka, ya naɗe shi da ƙyallen da aka tsufar da gangan. Bayan duk wannan, Freund ya nuna ido, hannu da bakin tsumma, ya ɓoye saura. Wani zai ce asarar aiki. Ni ina ganin nan ne gwanintar take. Mutum cikin tsumma yana takawa, ko ya aka yi, mutum ne cikin tsumma. Abin da Norton ya gani har ya zauce kuwa, kai za ka ƙera shi a ranka, kuma wanda ka ƙera ya fi wanda za a nuna maka muni. Masu tatsuniya a gidajenmu sun san wannan dabara. Kaka ba ta taɓa tsayawa ta zayyana maka kamannin dodo dalla-dalla ba, muryarsa kawai take yi daga bayan danga.

Na gwada wannan wuri a kan wani ƙanena da ya ƙoshi da finafinan aljanu na zamani. Yana kwance yana danna waya, da hannun ya taɓa takardar sai ya tashi zaune ya ce, "Yaya, maido baya, ina ya shiga?" Na ce ai tambayar ke nan.

In ka kalli wannan sau biyu ba ka ji komai ba, to ba dole. Kashe ka kwanta, gaba ba za ta fi haka ba.

Mataki na biyar: zuba wa Karloff ido, ka bar labari ya bi ta kansa

Labari ya tsallaka zuwa 1932. Ɗan Sir Joseph, Frank, yana haƙa bai sami komai ba, sai wani mutumin Masar mai suna Ardath Bey ya bayyana a bakin ƙofa ya nuna musu inda kabarin wata gimbiya yake. "Bey" laƙabin girma ne da Masar ta gada daga Turkawa. Kai mai kallo ka san Imhotep ne, su ba su sani ba. Gimbiyar ita ce masoyiyarsa da ya yi yunƙurin tayarwa daga mutuwa har aka binne shi da rai, yau shekara 3,700 a lissafin fim ɗin.

Abin lura a nan shi ne yadda Karloff ya riƙe jikinsa. Sunansa na yanka William Henry Pratt, haifaffen Landan, kuma shekara ɗaya kafin nan ya yi suna a Frankenstein inda bai furta kalma ba, sai gurnani. A nan an ba shi magana, sai ya hana jikinsa motsi. Hannayensa a sake a gefe, wuyansa ba ya juyawa sai tare da kafaɗa, in zai zauna yana sauka ne kamar tsohuwar tukunyar da ta san tana da tsaga. In aka miƙo masa hannu sai ya janye, ya ce ba ya son a taɓa shi. Su sun ɗauka al'ada ce. Kai ka san in aka riƙe shi da ƙarfi zai iya marmashewa.

Ƙirga sau nawa ya ɗaga murya. Za ka ga da wuya yatsun hannu ɗaya su ƙare. Duba kuma hoton nan na kusa da ake maimaitawa, fuskarsa ta cika allo, fata duk tamoji kamar busasshiyar ƙasar fadama, ramukan ido baƙi ƙirin, sannan a hankali idanun su kama haske. Ba kwamfuta a lokacin, fitilu ne aka saita wa idon ake ƙara musu wuta sannu-sannu. Kisan da yake yi ma daga nesa yake yi, a durƙushe gaban wani ɗan kwarmin ruwa a gidansa, ya miƙa hannu ya dunƙule, can a wani gida zuciyar Sir Joseph ta tsaya. Wanda ya taso yana jin labarin jifa da kurciya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan tsoro.

Mataki na shida: san inda zai gundure ka, ka daure

Ba zan rufe maka ba, tsakiyar fim ɗin tana da rauni. Frank ya ga Helen Grosvenor, budurwar da ruhin gimbiyar ke jikinta, a daren farko ya fara zuba mata kalaman so, alhali ɗazu aka tsince ta a sume a ƙofar gidan tarihi. David Manners da ya fito a matsayin Frank kyakkyawa ne, iyakarsa ke nan. Akwai kuma zama da yawa a falo, maza uku cikin kwat suna bayyana wa juna abin da kai ka riga ka gani da idonka.

Masu suka suna cewa fim ɗin Dracula ne aka sake wa riga, kuma suna da hujja. Kiɗan buɗewa ɗaya ne. Manners ya yi saurayi marar tasiri a can, ya yi a nan. Edward Van Sloan shi ne dattijo masanin asiri a duka biyun. Gicciyen da ke kare mutum a can ya zama layar Isis, wata abar bautar mutanen Masar na da, a nan. Balderston yana da hannu a rubutun duka biyun, Freund ma haka a ɗauka. In kana son ra'ayinka ya yi nauyi, kalli Dracula daga baya ka kwatanta. Ni na kwatanta, kuma a wurina ƙanen ya fi wan: kyamararsa ta fi yawo, kuma mugunsa yana da dalilin da ya wuce yunwa.

Mataki na bakwai: a bakin kwarmin ruwa, tambayi kanka gefen wa kake

Imhotep ya zaunar da Helen a bakin ruwan, hayaƙi ya buɗe, ya nuna mata abin da ya faru. An ɗauki wannan yanki kamar tsohon fim marar magana, muryarsa kaɗai ke bisa hoton. Za ka ga mutuwar gimbiya, satar takardar, kamun da aka yi masa, da yadda aka naɗe shi yana zazzare ido har ƙyalle ya rufe fuskar. Aka kashe bayin da suka haƙa ramin, aka kashe sojojin da suka kashe su, don kada a san wurin. Akwai hoton mashi ya huda mutum ya fito, abin da da wuya ya wuce bayan 1934, lokacin da aka tsaurara dokar tace finafinai a Amurka. An ɗauki wasu sassa da ke nuna Helen tana sake rayuwa a zamunna daban-daban, amma aka yanke su kafin fitarwa. Shi ya sa za ka ga sunan Henry Victor a jerin 'yan wasa a matsayin wani mayaƙi, ka neme shi a fim ka rasa.

Wanda ya sha kallon finafinan Indiya ya san labarin masoyan da mutuwa ta raba suka sake haɗuwa a wata rayuwa, kuma ya saba a tausaya musu. A nan ma za ka tausaya, sai dai fim ɗin zai murɗe maka hannu. Don su zauna tare har abada, dole ya kashe ta da wuƙa, ya busar da gawarta, sannan ya tayar da ita irinsa. Zita Johann, wadda ta fito a Helen, a nan ta nuna abin da take da shi. Sanye da kayan gimbiya, ta tuna shi, ta yarda ta taɓa son sa, amma ta ce ita yarinya ce, tana son ranta.

Sai ka lura da wanda ya cece ta. Frank da Muller sun iso a guje, Imhotep ya tsayar da su da zobensa kamar an dasa su. Ita ce ta juya ta roƙi gunkin Isis, gunkin ya ɗaga hannu, haske ya ƙone takardar, Imhotep ya zube ya zama ƙashi da ƙura. Tatsuniya ce irin ta masu bautar gumaka, kuma a haka za ka ɗauke ta. Abin da ya dame ni da ƙarshen shi ne gaggawa. Mutumin da ya jira shekara 3,700 an gama da shi cikin abin da bai fi minti ɗaya ba, kafin ka gyara zama an rubuta ƙarshe.

Mataki na takwas: tsince tsakuwa daga cikin shinkafa

Bayan ka gama, raba tarihi da ƙirƙira, don kada ka je majalisa ka yi abin kunya. Da farko, da yawa daga cikinmu in an ce gawar Masar sai hankali ya tafi ga Fir'aunan zamanin Annabi Musa, alaihis salam. Fim ɗin ba shi da alaƙa da wannan ƙissa.

Imhotep mutum ne na gaske, amma ba la'ananne ba ne. Babban jami'i ne a fadar Sarki Djoser fiye da shekara 4,600 da suka wuce, shi ake danganta wa ginin dalar Sakkara mai hawa-hawa, kuma mutanen Masar sun girmama shi har daga baya suka mayar da shi abin bauta. Sunan gimbiyar kuma an aro shi daga matar Tutankamun, wadda ta rayu fiye da shekara dubu bayan Imhotep. Maganar cire kayan ciki gaskiya ce. Aikin adana gawa yana ɗaukar kwana 70, ana zaro ƙwaƙwalwa ta hanci, a cire hanta, huhu, tumbi da hanji a sa a tuluna huɗu, a bar zuciya a jiki, a busar da gawar da wani gishiri ɗan uwan kanwa. Amma dawowar ruhi cikin jikin wani ba aƙidarsu ba ce. Sun adana jiki ne don ruhi ya gane gidansa a lahira. Hamadar da ka gani ma yawancinta ta Kalifoniya ce.

Sai tambaya mafi nauyi: ina mutanen Masar a fim ɗin da aka yi a kan ƙasarsu? Leburori ne masu ɗaukar kwando, ko masu gadi da ake kashewa. Baƙin mutum ɗaya tilo mai muhimmanci, wanda Noble Johnson ya fito a matsayinsa, ko suna ba a ba shi ba, Banube, wato mutumin ƙasar Nubiya, kawai ake ce masa, kuma da Imhotep ya dube shi sai ya durƙusa ya zama bawa, wai jininsa ne ya tuna. Helen, wadda aka ce ubanta Bature ne gwamnan Sudan, uwarta 'yar Masar, an nuna jinin uwar shi ne ƙofar da masifa ke shigowa. Wannan duk tunanin zamanin mulkin mallaka ne, kuma ba sai ka yi masa kara ba.

Amma saurara da kyau, akwai inda fim ɗin ya yi tuntuɓe da gaskiya. Ardath Bey ya faɗa wa Turawan cewa su 'yan ƙasa ba a ba su damar tono matattunsu ba, sai gidajen tarihi na waje. Frank kuma yana gunaguni don kayan da suka haƙo za su zauna a Alƙahira maimakon Landan. Rigimar gaske ce ta lokacin: Masar ta sami 'yanci na jeka-na-yi-ka daga Birtaniya a 1922, kuma ta tsaya kai da fata har kayan Tutankamun suka zauna a gida.

Mataki na tara: faɗi ra'ayinka yadda za a iya musu da kai

"Ya yi kyau" da "bai yi ba" duk ba ra'ayi ba ne. Bari ya kwana a ranka. Washegari ka amsa wa kanka tambaya uku, ko a takarda ko a baki. Wane hoto ne ya fara faɗo maka da ka farka? A wane minti hankalinka ya fara barin allo, kuma me ake yi a lokacin? Da Imhotep ya zube, daɗi ka ji ko wani abu ya ɗan taɓa ka? Kowace amsa ka ɗaure ta da wuri takamaimai a fim ɗin. Kada kuma ka kama shi da laifin rashin abin da bai yi alkawari ba. Gawar nan mai jan ƙafa da miƙa hannu tana shaƙe mutane, wadda kowa ke kwaikwayo, daga baya ta zo, a The Mummy's Hand na 1940 da waɗanda suka biyo shi, kuma sunanta Kharis.

Nawa hukuncin ga shi. Minti goman farko ba na haɗa su da komai a finafinan tsoro na wancan zamani. Karloff ya ɗauki fim ɗin a kafaɗarsa, Johann ta taya shi, sauran mazan kaya ne kawai. A matsayin abin firgita, yau ba zai hana babba barci ba. A matsayin labarin wanda ya ƙi yarda cewa abin da ya wuce ya wuce, har yanzu yana da cizo. Abokina mai shagon waya bai yarda da ni ba, ya ce fim ɗin da mugu ya fi jarumi kwarjini ya ci amanar mai kallo, kuma mun kai sati muna wannan musu.

In ka gama kana son ƙari, kalli na 1959 don ka ga yadda labarin ke zama in an bar gawar ta fasa ƙofa da ƙarfin tsiya. Sannan ka nemi Al-Mumiya na 1969, wanda Shadi Abdel Salam ɗan Masar ya yi da Larabci. Babu gawa mai tashi a cikinsa. Labarin wata ƙabila ce a kusa da Luksor da ta daɗe tana ci daga wani ɓoyayyen rami cike da gawarwakin sarakuna, har asirin ya tonu a 1881, da wani saurayi a cikinsu da ya rasa ko ya rufa wa danginsa asiri ko ya kai hukuma bakin ramin. Ya fi na Karloff tafiyar hawainiya, don haka shi ma a bar shi sai bayan isha.